Kujerar Babur da Lafiyar Mahayi: Yadda Ake Sake Mata Fasali a Gida

A cikin dukan sassan babur babu wanda jikin mahayi ya fi daɗewa manne da shi kamar kujera, kuma babu wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi kamarta, domin mai babur ɗin da ba ya wasa da juyen baƙin mai ko ɗaurin sarƙa yakan yi shekaru a kan kujerar da sosonta ya riga ya mutu, yana ɗaukar ciwon baya da sagewar cinya a matsayin abin da ba makawa ga duk mai hawa. Lamarin ba ƙarami ba ne a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, inda babur ya zama abin hawan manomi da malamin makaranta da ɗan kasuwar ƙauye, kuma shi ne ke kai mara lafiya asibiti a wuraren da mota ba ta shiga da damina. Hana acaba a tsakiyar Abuja a shekarar 2006, da hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a watan Janairun 2013, sun rage 'yan acaba a manyan titunan waɗannan birane, amma a ƙauyuka da ƙananan garuruwa, da kuma wajen 'yan kabu-kabu na Maraɗi da Damagaram, har yanzu akwai dubban mutanen da ke wuni a kan kujerar babur daga sallar asuba zuwa magariba.

Kujerar da aka saba gani yau, doguwa mai ɗaukar mutum biyu, ba da ita babur ya fara ba. Babur ɗin da Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ƙera da katako a Jamus a shekarar 1885 sirdin fata aka ɗora masa a saman inji, kuma baburan da suka biyo bayansa sun daɗe suna amfani da sirdi irin na keke, mai faɗi a baya da tsini a gaba, an ɗora shi a kan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, saboda a lokacin tayar baya a ɗaure take da jikin babur ba tare da wani abin da zai shanye bugun hanya ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka wadata baburan da shokazoba a baya, aka ga cewa sirdi mai sifirin ya gama aikinsa, aka koma ga doguwar kujera mai soso. Soson kansa ya samo asali ne daga sinadarin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa a Jamus a 1937, wanda aka fara sarrafa shi ya zama soso mai laushi don kasuwa a shekarun 1950. Abin lura a nan shi ne tsohon sirdin, duk da taurinsa, an yanka shi ne daidai da siffar mazaunin ɗan Adam, alhali doguwar kujera an tsara ta ne da la'akari da kyan gani, da arhar ƙira, da buƙatar ta shiga jikin kowa, dogo da gajere, siriri da mai ƙiba. Kamfanin da ke fitar da Bajaj Boxer ko Jincheng ko ƙananan baburan da ake kira roba-roba ba shi da hanyar sanin wanda zai saya, don haka kujera ɗaya yake yi wa miliyoyin mutane, sauran aikin kuwa ya rage ga mai babur.

Kafin a taɓa wuƙa ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a jiki idan mutum ya zauna. A ƙasan ƙashin ƙugu akwai wasu ƙasusuwa biyu masu dunƙulallen kai, waɗanda kowa zai iya jin su idan ya zauna a kan tafin hannunsa, kuma a kansu ne mafi yawan nauyin gangar jiki yake sauka. Tazarar da ke tsakaninsu a jikin mafi yawan manya tana kaiwa santimita 10 zuwa 14, ta mata kuma ta fi ta maza faɗi. Naman da ke tsakanin waɗannan ƙasusuwa da kujera yana rayuwa ne da jinin da ke bi ta wasu ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, kuma tun 1930 wani likita Ba'amurke mai suna Eugene Landis ya auna ƙarfin jinin da ke cikin irin waɗannan hanyoyi a fatar mutum ya tarar bai wuce kimanin 32 ba a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, wato ma'aunin da lafiyayyen mutum ke nuna kusan 120 a dantse. Matsi kaɗan ke nan ya isa ya tsuke su. Idan nauyi ya taru a ɗan wuri na tsawon lokaci, jini yakan ragu, wurin ya ɗauki zafi da zugi, mahayi ya shiga muskutawa dama da hagu yana neman sauƙi. Idan kuwa kujerar ta yi ƙunci ko ta yi tudu a tsakiya har ƙasusuwan biyu suka rasa wurin sauka, nauyin yakan koma kan matsematsi, inda jijiyoyin da ke kai ji da jini ga al'aura suke wucewa, abin da likitoci suka daɗe da sanin yana haddasa sagewar wurin ga masu doguwar tafiya a keke.

Daga nan ne kuskuren da ya fi yawa yake tasowa, wato zaton cewa maganin kujera mai ciwo shi ne ƙarin taushi. Mai babur yakan sayi guntun katifa ya ɗora, ya ji daɗi a mintunan farko, amma kafin ya yi nisa soson ya lotse gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙasusuwan zama, ya zamana a kan farantin kujera yake zaune, wato ƙarfen ko robar da ke ƙasa, yayin da ragowar soson da bai lotse ba ya taso ya cusa kansa a matsematsi da bayan cinya, ya matse wuraren da ba a halicce su don ɗaukar nauyi ba. Soso mai taushi da yawa yana kuma binne mahayi a rami ɗaya, ya hana shi ɗan motsin da ke dawo da jini. Wannan ne ya sa kamfanonin da suka shahara da ƙera kujerun doguwar tafiya, irin su Corbin na Amurka wanda ya fara aiki a 1968, suke yin kujeru masu tauri waɗanda sabon mai saye kan yi mamakinsu, suna dogara ga faɗi da siffa wajen rarraba nauyi. Abin da ke kawo jin daɗi a tafiyar awa uku shi ne yawan filin da nauyin jiki ya bazu a kansa, kuma wannan magana ce ta fasali kafin ta zama maganar laushi.

Soso iri-iri ne, kuma saninsa shi ne rabin aikin. Masu sayarwa suna ambaton densiti, ma'ana nauyin curin soso mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya. Soson katifa mai arha yakan gaza kilo 20, wanda ya dace da kujerar babur kuwa ana so ya kai kilo 40 ko ya wuce, domin yawan nauyinsa shi ke nuna zai daɗe bai mutu ba. Densiti dabam, tauri dabam, ko da yake a kasuwa akan haɗa su, don haka gwajin hannu yana da amfani: a dafa soson da gwiwa ko dunƙulen hannu a kan daɓe, idan aka ji ƙasa nan take to bai isa ya zama tushe ba. Akwai soson da ake haɗawa daga ɓarɓashin sosuna dabam-dabam a matse su da gam, mai launi dabbare-dabbare, irin wanda ake sawa a katifar masu ciwon baya. Yana da nauyi da tauri, ana samun guntayensa a wurin masu kushin, kuma shi ne ya fi dacewa da ƙasan kujera. Akwai kuma wanda ƙofofinsa suke a rufe, irin abin da ake yin silifas da shi, wanda ba ya shan ruwa amma ba ya numfashi, yana da kyau a matsayin siririn shimfiɗa a can ƙasa. Soson nan kuwa mai riƙe sawun hannu, wanda aka ƙirƙiro a 1966 a wani aikin hukumar NASA ta Amurka don kujerun jiragen sama, taurinsa yana bin yanayi, ya ƙage da sanyi ya saki da zafi, saboda haka a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ba abin dogaro ba ne sai dai a yi ɗan siririn shafi da shi a sama. Haka ma faifan jel da ake shigo da shi, yana rarraba matsi amma yana tara zafin rana ya riƙe shi, don haka idan za a yi amfani da shi sai a haƙa masa gurbi a cikin soso a rufe shi da wani siririn soson.

Aikin yana farawa ne da bincike, ba da yanka ba. Mai babur zai yi tafiyar da ta isa ta tayar da ciwon, sannan ya lura da ainihin inda yake, domin kowane ciwo yana nuna aibi dabam. Zugi a kan ƙasusuwan zama yana nufin soson ya mutu ko wurin ya yi ƙunci. Sagewar matsematsi tana nufin tsakiyar kujera ta yi tudu. Ciwon bayan cinya yana nuna gefen kujera ya yi kaifi. Wanda kuma yake zamewa zuwa tanki duk lokacin da ya taka birki, har wandonsa ya tattare, wuyan hannunsa ya gaji da tokare kan babur, to kujerarsa ta karkata gaba, aibin da ya zama ruwan dare a kujerun da suka tsufa saboda gaban soson ya fi siranta kuma ya fi saurin lotsewa. Yana da kyau a kafe babur a tsaye, mahayi ya hau ya kama kai ya ɗora ƙafafu a matakai kamar yana tafiya, wani ya zagaye mazauninsa da alli a kan marufin kujera, domin a san filin da za a yi aiki a kai.

Cire kujera ba ya wuce kwance noti biyu da sufana a mafi yawan baburan da ake hawa, ko murɗa makulli a wasu. Idan aka kifa ta za a ga yadda aka kama marufin: a farantin roba da ƙusoshin sitefula, wato 'yan wayoyin nan masu ƙafa biyu, a tsohon farantin ƙarfe kuwa da wasu haƙora da aka lanƙwasa. Ana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da bakin sukundireba a zare da filaya, cikin haƙuri, domin marufin da aka cire lafiya zai sake amfani ko ya zama ma'aunin yanka sabo, haƙoran ƙarfe kuma idan aka cika lanƙwasa su sukan karye. A wannan lokaci ne ake duba farantin, ko ya tsage ko ya yi tsatsa, a kuma duba 'yan robobin da ke ƙasansa waɗanda yake zama a kansu, saboda ɓacewar ɗaya daga cikinsu kan sa kujera ta karkace ta riƙa bugun ƙarfe. Sannan a ja layi da alƙalami mai kauri a tsakiyar soson daga gaba zuwa baya, a ja wasu layukan a gicciye da tazarar yatsu uku, domin ta haka ne kawai ido zai iya tabbatar da cewa abin da aka rage a dama an rage irinsa a hagu. Kujerar da ta karkata gefe ɗaya, ko da da kaurin ɗan yatsa ne, tana tilasta wa ƙashin baya ya lanƙwashe duk tsawon tafiya.

Kayan yanka ba su da tsada. Wuƙar burodi mai haƙora ko bakin zarton ƙarfe suna yanka soso da kyau idan aka ja su a hankali ba tare da dannawa ba, abin goga kuɓewa na kicin kuma, wanda mata ke kira gireta, yana ci daga jikin soso kaɗan-kaɗan har ya fitar da kwari ko ya kashe kaifin gefe, daga nan samfefa mai kaushi ta goge sawunsa. Siffar da ake nema ita ce wurin zama shimfiɗaɗɗe, mai faɗin da ya zarce tazarar ƙasusuwan zama da 'yan santimita a kowane gefe, da ɗan kwari marar zurfi kamar tafin hannu a buɗe, gabansa ya ɗan ɗaga don ya tare zamewa, gefensa kuma ya gangara a hankali. Gaban kujera, inda cinyoyi ke sauka lokacin tsayawa, dole ya kasance siriri, domin faɗi a wannan wuri yana buɗe ƙafafu ya hana su isa ƙasa. Inda soson asali ya mutu, ana yanke wurin a fitar da shi kamar akwati mai zurfin santimita biyu ko uku, a cika gurbin da mai tauri, a ɗora matsakaici a kansa, sannan a lulluɓe dukan kujerar da siririn soso mai taushi wanda bai wuce santimita ɗaya ba, wanda aikinsa shi ne ɓoye mahaɗa da ba da laushin farko. Ƙarin faɗi kuwa ana yin sa ne da manna guntayen soso mai tauri a gefe, amma da iyaka, domin soson da ya fita daga kan faranti da yawa ba shi da abin da zai tokare shi, zai lanƙwashe da zarar an hau. Ƙa'idar da gogaggun masu wannan aiki ba sa saɓa wa ita ce a rage kaɗan a gwada, saboda rabin santimita a ƙarƙashin mutum babban canji ne.

Gam ɗin da ya dace shi ne irin na masu gyaran takalmi da masu kushin, wanda ake shafawa siriri a fuskokin biyu, a bar shi ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa; idan aka zuba shi da yawa yakan bushe ya zama layi mai tauri a cikin soso wanda mahayi zai riƙa ji kamar an sa masa tsinke. Wannan gam yana da tururi mai kama wuta da sa jiri, don haka a tsakar gida ko inuwar bishiya ake aikinsa, nesa da murhu da galan ɗin fetur da yara. Garin soso ma ba abin shaƙa ba ne, sai an rufe hanci. Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne ɗabi'ar gasa wuƙa a wuta don ta yanka soso da sauri, domin soso idan ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai guba wanda ke cutar da huhu, kuma babu wani sauƙin aiki da ya kai a saya da wannan.

Kafin a mayar da marufi, ana naɗe soson da leda a ɗaure shi, a mayar da kujera a kan babur, a yi tafiyar aƙalla rabin awa a irin hanyar da aka saba bi, domin zama na minti ɗaya a ƙofar gida ba ya nuna komai. Sai an gamsu sannan a rufe. Ana fara shimfiɗa siririyar leda irin ta ƙulla kaya a kan soson, saboda ruwan sama yana shiga ta ramukan allurar ɗinki, soso kuma idan ya sha ruwa yakan yi kwanaki yana jiƙa tufafin mahayi, ya yi wari, ya ruɓe, ya sa farantin ƙarfe tsatsa. Ledar kushin kuwa ana shanya ta a rana ta yi laushi, a daidaita tsakiyarta da layin tsakiya, a kama gaba, a ja a kama baya, sannan a bi gefuna ana musanyawa dama da hagu har tattarar ta baje. Ƙusoshin sitefula masu tsawon milimita 6 zuwa 8 sun isa ga farantin roba, waɗanda suka fi haka suna iya hudawa su fito ta cikin soso. Jan marufi fiye da kima yana danne soson ya shafe kwarin da aka sha wahalar fitarwa, ya mayar da kujera kamar fatar ganga. Idan kuwa an canza siffar sosai har tsohon marufi ya kasa, ɗinkin sabo aikin mai keken ɗinkin kushin ne, kuma kai masa wannan ɓangare bai rage komai daga aikin gida ba.

Zafi yana da nasa hukunci. Baƙar leda da ta wuni a rana tana ƙuna har ta cikin wando, kuma gumin da ke taruwa tsakaninta da fata yana tausasa fatar ya jawo ƙuraje da saɓewa. Marufi mai hasken launi ya fi sauƙin zafi, ragar nan mai kauri da ake sawa a kan kujera tana barin iska ta ratsa, buzu kuma, wanda masu doguwar tafiya a Ostireliya da Amurka suke saye da tsada don shimfiɗawa a kujerunsu, abu ne da ke kusa da hannu a ƙasar Hausa, yana shan gumi yana rage gogayya, muddin an ɗaure shi tamau yadda ba zai zame ba. Abin da bai kamata ba shi ne marufi mai santsi ko shafa wa kujera man ƙyalli, domin mahayi da cinyoyinsa da mazauninsa yake riƙe babur lokacin birki da kwana.

Duk wani ƙari ko ragi a tsayin kujera yana taɓa tuƙi. Ɗaga ta yana buɗe gwiwa da ƙugu, abin da ke yi wa dogon mutum daɗi, amma yana nisanta ƙafa da ƙasa, kuma wanda ba ya iya kafa ƙafarsa da kyau a yashi ko taɓo alhali yana ɗauke da buhun masara ya sayi faɗuwa da kuɗinsa. Rage ta yana taimakon gajere, sai dai yana cinye kaurin soson ya kuma ƙara lanƙwasa gwiwa, don haka sau da yawa sirantar da gaban kujera ya fi rage tsayinta amfani. Bayan kowane canji ya wajaba a duba ko ƙafa tana samun birki da giya ba tare da an ɗaga ta ba, a kuma tabbatar kujerar ba ta danne waya ko ta toshe mashigar iskar inji ba, wadda a babura da yawa a ƙarƙashinta take.

Akwai kuma abin da kujera ba za ta iya ba, komai kyan gyaranta. Girgizar da ta fi cutar da mutumin da ke zaune ita ce mai kai da komowa sama da ƙasa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya, domin a nan ne gangar jiki take amsawa ta ƙara wa girgizar ƙarfi, kuma alaƙar daɗewa a cikinta da ciwon ƙasan baya ta tabbata har Tarayyar Turai ta kafa doka a 2002 da ke iyakance yawan girgizar da ma'aikaci zai sha a wunin aiki na awa 8. Soso mai kaurin 'yan santimita yana kashe ƙananan kaɗawar inji mai silinda ɗaya, amma bugun rami da gargadar hanyar burji aikin shokazoba ne da taya. Shokazobar da ta zubar da mai, ko tayar da mai faci ya cika wa iska har ta zama dutse don a ɗauki kaya, za su isar da kowane bugu ga ƙashin baya ta cikin kujerar da ta fi kowace kyau. Ciwon da ke sauka daga baya zuwa ƙafa, ko sagewar da ba ta wucewa bayan an sauka, maganarsu ta asibiti ce.

Wani gyaran da ya yaɗu a tsakanin masu haya, wanda bai kamata a haɗa shi da wannan ba, shi ne tsawaita kujera da katako da soso har ta hau kan kariya don a ɗauki fasinja uku ko huɗu. Talaucin da ke sa a yi haka gaskiya ne, amma babur ɗin an ƙera shi ne don mutum biyu, kuma nauyin da ya wuce tsakiyar tayar baya yana ɗage gaba, ya rage kamun tayar da ke juya babur kuma take ɗaukar mafi yawan aikin birki, yayin da direban kansa yake komawa kan tanki inda babu soso ko kaɗan. Abin da fasinja yake buƙata daga gyaran kujera bai wuce wurin zama shimfiɗaɗɗe wanda bai gangara baya ba, da marufin da ba ya santsi, da madaurin riƙewa mai ƙarfi, musamman ga tsofaffi da mata masu goyo, waɗanda hannunsu ɗaya yakan kasance a kan yaro ko kaya. Ɗan tudu tsakanin wurin direba da na fasinja yana hana na baya zamewa ya danne na gaba idan aka taka birki, kuma ana iya fitar da shi da guntun soso mai tauri wanda tsayinsa bai wuce yatsu biyu ba.